Notin da Ya Karye Ranar Zaɓe

Muntasir ya jefa ƙuri'arsa tun da hantsi, ya dawo gida ya tuɓe babbar riga, ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumfar kwano ya kwanta. Ranar Lahadi ce, cikin azumin 1991, ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Bai fita rumfarsa ta atamfa a kasuwar Dantokpa ba. Duk Zongon Cotonou babu zancen da ake yi sai na wanda zai ci, shugaba mai ci ɗan arewa ko abokin karawarsa ɗan kudu, amma shi abin da ya dame shi a lokacin bai wuce zafin rana da ƙishi ba.

Bayan azahar sai ga Alhaji Karimou ya yi sallama a ƙofar gida. Shi ne mai shagon shinkafa a bakin titi, kuma shi kaɗai ke da tarho a layin. Muntasir na ganinsa ya san ba lafiya ba, don Alhaji ba ya tasowa da kansa saboda kiran waya, aike yake yi.

"Ƙanwarka ce daga Parakou," in ji Alhaji. "Yi sauri, muryarta ba ta yi mini daɗi ba."

Ni'ima ita ce autar gidansu. Tana auren Tidjani, Bayarabe ɗan Porto-Novo, malamin lissafi da gwamnati ta tura koleji a Parakou, kuma cikinta ya tsufa. Da Muntasir ya ɗauki kan tarhon sai ya ji tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada a ji ta daga waje.

"Yaya, ana bin gidajen 'yan kudu."

"Su wa ke bi?"

"Samari ne, da sanduna da adduna. Sun ce 'yan kudu ne ke son kayar da mutuminsu. Malam ya fita zaɓe tun safe, har yanzu bai dawo ba."

"Ke yanzu kina ina?"

"Gidan wani ma'aikacin gidan waya, kusa da mu. Amma matarsa ta ce su ma fita za su yi, ba za su..."

Sai layin ya yanke. Alhaji ya yi ta juya lambar da ta ba shi da farkon kiran, tarhon yana ƙara a can babu mai ɗauka, daga baya ma ya daina shiga.

A hanyarsa ta komawa gida Muntasir ya tsayar da Idrissou, maƙwabcinsu ɗan Kandi mai tuƙa zemidjan, wato babur ɗin haya, ya roƙe shi ya leƙa masa tashar Jonquet ko akwai motar arewa. Ba a daɗe ba Idrissou ya dawo yana girgiza kai. Direbobin sun ji labarin su ma, duk sun kulle motocinsu, sun ce ko nawa za a ba su ba za su hau hanya ba sai an ga yadda ta kaya. Jirgin ƙasa kuma babu wanda ya san ranar tashinsa.

Saura motar gida. Fijo 504 ce mai dogon baya, ta marigayi mahaifinsu, tana jingine da katangar gidan tun kafin azumi, har yara sun yi rubutu a ƙurar gilashinta. Famfon ruwanta ne ya mutu. Yana zubar da ruwa, fankar da ke kansa tana lilo, kuma ko Godomey aka je da ita allurar zafi sai ta kai ja. Muntasir ya riga ya sayo wani famfon, tsohon kaya na Faransa, yana ajiye a ƙarƙashin gado yana jiran Dramane bakanike ya samu sarari. Dramane kuwa ya tafi garinsu Djougou jefa ƙuri'a, ya kulle garejinsa, sai bayan mako zai dawo.

Matarsa Labiba ta same shi tsaye gaban motar ya ɗaga bonet yana kallon injin.

"Baban Husaina, ka taɓa kwance shi?"

"Na ga ana kwancewa."

"Gani daban ne."

"Na sani. Kina da wata dabarar?"

Ba ta da ita. Sai ta ce, "To ka fara gaya wa Inna. Kada ta ji a rediyo."

Mahaifiyarsa, Hajiya Karimatou, tana da hawan jini, don haka rabi ya gaya mata. Ya ce an yi ɗan hargitsi a Parakou, zai je ya ɗauko Ni'ima ta zo ta haihu a gida. Hajiya ta dube shi ta daɗe, ta ce, "Shi Tidjani fa?" Ya ce da shi za su taho. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta sa aka fitar mata da kujera ƙofar gida, inda take hango motar, ta zauna da carbinta.

Ya jawo akwatin ƙarfen mahaifinsa daga bayan ɗaki. Akwai sifanoni da suka yi tsatsa, da filaya, da guduma, da magagari, da sukudireba mai fasasshen mariƙi. Labiba ta shimfiɗa tsohon zane a ƙasa don kada yashi ya haɗiye musu wani abu, ta ɗora tire a kai. Duk notin da ya kwance sai ya miƙa mata, ita kuma ta jera shi yadda ya fito, daga dama zuwa hagu, don su san na farko da na ƙarshe in an zo mayarwa.

Da fari aikin ya tafi daidai, har ya ba shi mamaki. Ya saki tiyon ƙasa, ruwan lagireto ya zubo ja kamar na kududdufi. Ya ciro lagireton ya jingine shi da bango, ya sassauta dinamo ya zare fambel, ya kwance fanka. Gumi yana shiga masa ido, bakinsa ya bushe har harshensa yana manne wa ganɗa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗago kai, ko Alhaji ne ya aiko an sake kira. Ba a sake kira ba.

Bayan la'asar ya kai ga notocin da ke riƙe da famfon a jikin inji. Na sama suka fito da ɗan gardama. Na ƙasa ɗaya, wanda ruwan da ke zuba ya daɗe yana jiƙawa, ya ƙi motsi. Ya ja, ya ƙi. Ya ɗan buga da guduma, ya ƙi. Sai ya zura guntun bututu a bakin sifanar don hannunta ya yi tsawo, ya dafa ƙafa a jikin taya, ya ja da ƙarfinsa duka.

Ƙarar ba ta da yawa, ƙas kawai, amma ya ji sifanar ta yi sakwaf a hannunsa. Kan notin ya faɗo kan zanen. Sauran jikinsa ya rage a cikin inji.

Labiba ta ɗauki kan ta juya shi a tafin hannunta. "Wannan ya fito ke nan?"

"Karyewa ya yi."

Ya ɓamɓaro tsohon famfon ya ajiye, ya sa yatsa ya laluba. Guntun notin ya leƙo waje kaɗan, bai kai faɗin farce ba. In bai fito ba, sabon famfon ba zai ɗauru ta wannan gefen ba, ruwa zai riƙa tsiyaya, kuma ba a hawa hanyar arewa a watan Maris da mota mai zubar da ruwa. In kuma ya matsa masa ya sake karyewa daga ciki, sai injin huda ƙarfe, wanda babu inda zai same shi a Cotonou ranar zaɓe. Ya gwada kama shi da filaya, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa, ta ɗauke masa fatar yatsa.

"Bari haka nan," in ji Labiba. "Kana cinye abin da ya rage."

Ya zauna a kan yashi ya jingina da taya. Hajiya tana kallonsa daga kujerarta, carbin ya tsaya a hannunta.

Da aka kira magariba ya sha ruwa ya kurɓi koko, ya tafi salla. A masallaci babu zancen da ake yi sai na Parakou. Wani ya ce an ƙona shaguna, wani ya ce an sa dokar hana fita, wani kuma ya ce shi abin da yake tsoro a nan ne, kada samarin Cotonou su ce za su rama a kan Zongo. Muntasir ya ce ai su a nan aka haife su, kakanninsu ma a nan aka binne su. Alhaji Karimou ya ce ranar da rai ya ɓaci ba wanda zai tsaya tambayar wannan, riga kawai za a duba da hula. Ya ce shi gobe ba zai buɗe shago ba.

Idrissou ya biyo shi gida ya duba guntun notin. Ya ce da filayar gida ba zai fito ba, sai irin wadda ake dannewa ta kulle kanta, kuma akwai wani mai walda ɗan garinsu a Godomey da ke da ita, zai je da sassafe. Kafin nan ya ce a jiƙa wurin. Suka zuba kalanzir da ɗan man birki a tsumma, suka naɗe guntun, suka rufe bonet.

Muntasir bai yi barcin kirki ba. Ana idar da sallar asuba ya fito ya tsaya gaban motar yana jiran gari ya yi haske. Sai a lokacin ya lura da wani abin: famfon da ya sayo babu gaskit a tare da shi, wato abin da ake sawa tsakanin famfo da inji don kada ruwa ya zuba, tsohon kuwa ya yage gutsi-gutsi lokacin da ya ɓamɓaro shi. Ya tuna ya taɓa ganin Dramane yana yanka irinsa da hannu. Ya sa Labiba ta nemo kwali mai kauri marar rami a ciki. Ta kawo kwalin sukari, ya ce ya yi laushi. Ta koma ta zazzage takalman sallar 'yarsu Husaina daga kwalinsu ta kawo murfin. Ya shafa baƙin mai a fuskar famfon, ya danna a kan kwalin, zanen ya fito. Labiba ta karɓa ta yanka da almakashinta na ɗinki, ta huda ramukan da tsinin almakashin ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta ɗaga kafin Idrissou ya dawo. Ya ce jandarmomi, jami'an tsaron hanya, ne suka tsare shi suna tambayar inda ya fito, kuma gari shiru, kasuwa rabi a rufe. Ya miƙa filayar. Muntasir ya goge guntun notin da magagari ta gefe biyu don ya yi fuska, ya kafa filayar, ya danne ta har ta kulle. Ya riƙe hannunta bai ja ba.

"Ja mana," in ji Idrissou.

"In ya sake karyewa fa?"

"Kada ka ja gaba ɗaya. Ka matsa shi ciki kaɗan tukuna, sannan waje. Kamar mai girgiza haƙori."

Haka ya yi. Ciki kaɗan, waje kaɗan, Labiba tana ɗiga kalanzir da cokali. Ya daɗe yana yi bai ji komai ba, har ya fara zaton filayar ce ke juyawa a kan ƙarfen. Can sai ya ga wani baƙin ruwa ya tsattsafo ta gefen guntun, ya ji wata 'yar ƙara kamar ta ƙofar da ta daɗe a rufe. Ya tsaya ya dubi Idrissou. Idrissou ya gyaɗa kai. Ya ci gaba a hankali har guntun ya fito, tsatsa ta cinye rabin kaurinsa. Suka zazzage akwatin ƙarfen kan zane suka yi ta gwada notoci, har suka samu wanda zarensa ya yi daidai. Ya ɗan fi tsawo, suka ƙara masa washa biyu.

Mayarwa ta fi kwancewa sauri. Ya shafa giris a kwalin ciki da bai, ya ɗora famfon, Labiba tana miƙo notocin daga hagu zuwa dama. Amma hannunsa ya tsorata. Duk notin da ya fara ƙarfi sai ya saki sifanar, yana jin kamar yanzu zai sake jin ƙas ɗin nan. Ya mayar da fanka da fambel da lagireto, suka cika shi da ruwan rijiya. Batir ya yi sanyi saboda zaman da motar ta yi, sai da ya ɗiga fetur a kabireto, Idrissou ya kira maza daga bakin masallaci suka tura ta cikin yashi har titi. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama.

Ya bar ta tana aiki, ya durƙusa yana kallon ƙasan famfon. Ɗigo ɗaya ya taru a bakin kwalin, ya yi ta kumbura, ya faɗi. Ya jira na biyu. Bai zo ba.

Da ya shiga ɗaukar takardun mota sai ya tarar Labiba ta yafa mayafi, ta ɗaure kaya a ɗankwali, ta cika jarkoki da ruwa.

"Ina za ki?"

"Mace mai ciki za ka ɗauko. In naƙuda ta kama ta a hanya, kai za ka karɓa? Kuma jandarma in ya ga mace a mota ya fi saurin ɗaga sanda."

"Yara fa, da Inna? Kin ji abin da ake cewa za a yi wa Zongo."

"Na ji. Matar Idrissou za ta kwana a nan. Ko muna nan, me za mu tare?"

Hajiya ta kira shi, ya durƙusa gabanta. Ta dafa kansa ta yi addu'a a gajarce, sannan ta ce, "Na san abin ya fi yadda ka faɗa mini. Ka je. In ka same ta, kada ka tsaya kwasar kaya."

Suka sayi fetur na kwalba a bakin titi suka cika tanki, suka fita ana gab da azahar. A shingen Godomey jandarma ya duba takardu, ya leƙa ya ga Labiba, ya ce, "Arewa, yau?" Muntasir ya ce ƙanwarsa ce ba lafiya. Jandarman ya ɗaga kafaɗa ya ɗage sanda.

Har Bohicon idonsa bai bar allurar zafi ba. Ta hau tsakiya ta tsaya, amma shi gani yake kamar tana motsi. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya kasa kunne. A Allada ya tsaya ya leƙa ƙarƙashi, a Bohicon ma haka, ƙasa a bushe. Bayan Dassa ne suka fara haɗuwa da motocin da ke gangarowa daga arewa: manyan motoci cike da mutane a tsaye, taksi da katifu ɗaure a sama, wata a-kori-kura da keken ɗinki da akuya a baya. Sai wani sabon tsoro ya kama shi. In Ni'ima tana cikin ɗaya daga cikinsu fa, su wuce juna ba su sani ba?

"Kai dubi allurarka," in ji Labiba. "Ni zan dubi mutane."

Ta sauke gilashi ta fitar da kai. Duk motar da ta taho sai ya rage gudu, ita kuma ta bi fuskokin da ido. Sau ɗaya ta ce ya tsaya, ta ga mayafi irin na Ni'ima, amma kafin ya taka birki ta ce a'a, wannan tsohuwa ce.

Sun kusa Savè ya ji wani ƙyaƙƙyaƙi daga gaba, kamar kukan tsuntsu. Ya dubi allura, ta bar tsakiya. Yana kallo tana hawa. Ya sauka gefen hanya ƙarƙashin wata bishiyar kaɗanya ya kashe inji. Da ya ɗaga bonet zafi ya buge shi a fuska, ruwa yana tafasa a cikin lagireto har ana jin ƙararsa. Ya durƙusa ya leƙa. Kwalin bai saki ba, babu ruwa a ƙasa. Ya kai hannu ya taɓa fambel, ƙarfen fanka ya ƙona masa bayan hannu, amma ya ji abin da yake nema: fambel ɗin ya saki, yana lilo. Notin dinamo ne, wanda ya ji tsoron ɗaurewa da safe. Girgizar hanya ta sassauta shi, famfon ya daina juyawa yadda ya kamata.

Dole suka jira inji ya huce. Rana ta karkata, motoci suna ta wucewa kudu, shi kuwa yana zaune a kan dutse jiri yana ɗibarsa. Labiba ta zuba ruwa a murfin jarka ta miƙo masa.

"Ina azumi."

"Matafiyi ne kai. Jiri ke ɗibarka, kuma kai za ka ɗaure abin nan. Ka rama bayan sallah."

Ya karɓa ya sha. Wata babbar mota ta tsaya kusa da su don mata su kewaya, ya je ya tambayi wani mutum mai riƙe da rediyo ko ya san Tidjani, malamin lissafi. Mutumin ya ce bai san shi ba. Ya ce dai waɗanda ba su samu mota ba suna barikin soja, wasu a tashar jirgi.

"An rasa rai?"

"Haka aka ce. Ni dai ban tsaya gani ba."

Da injin ya huce Muntasir ya zura ƙarfen kwance taya a bayan dinamo, ya ba Labiba ta ja da hannu biyu har fambel ya miƙe. Ya kafa sifana ya ɗaure. Da notin ya fara ƙarfi hannunsa ya so ya saki, ya cije ya ƙara masa rabin juyi. Bai karye ba. Ya bi sauran notocin famfon su ma ya ƙara musu, ya cika ruwa, suka hau hanya.

Jiran ya cinye musu rana. A Tchaourou jandarmomi suka ce babu mai wucewa, an rufe Parakou sai da safe. Limamin wani masallaci a bakin hanya ya kai Labiba wurin iyalinsa, Muntasir ya kwana a mota.

Da safe suka shiga gari. Tituna babu kowa sai sojoji, nan da can rumfuna a ƙone. Gidan da Ni'ima ke haya ƙofarsa a ɓalle take, tana rataye da ƙarfe ɗaya. A tsakar gida kwanukanta ne warwatse, da tukunyar miya a kife, ƙudaje sun rufe ta. Muntasir ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga, yana kiran sunanta. Bai same ta ba, ya dawo tsakar gida.

Wata mata ce ta leƙo ta kan katanga, doguwa, da zanen gida a ƙirji. Ta dube su ta daɗe, ta dubi lambar motar da ke waje, sannan ta tambaya da Hausar kasuwa, "Wa kuke nema?"

"Ni'ima," in ji Labiba. "Wannan yayanta ne, daga Zongon Cotonou. Ni matarsa ce."

"Sunan uwarta fa?"

"Hajiya Karimatou."

Matar ta ce su zagayo. Sunanta Assétou, 'yar garin ce, doya take sayarwa. Ta bi da su ta cikin rumbun doyarta zuwa wani ɗan ɗaki a baya, ta ɗaga labule. Ni'ima tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura. Da ta ga yayanta ta yunƙura za ta tashi ta kasa, sai ta rufe fuska da mayafi. Labiba ta zauna ta rungume ta.

"Malam fa?" in ji Muntasir. Assétou ya tambaya, don ya kasa tambayar ƙanwarsa.

"Yana bariki. Maigidana ya gano shi jiya. An fasa masa kai, amma yana tafiya da ƙafarsa."

Ba su ɗauki komai ba sai takardun asibitin Ni'ima. Muntasir ya yi ta maimaita wa Assétou Allah ya saka. Ta ce su tafi tun rana ba ta yi ba, ta tura musu doya a bayan mota.

A bariki mutane ne zube a ƙarƙashin itatuwa da ƙullin kayansu. Sai da soja ya yi ta kiran suna kafin Tidjani ya taso, kansa naɗe da bandeji, tabaransa babu ido ɗaya. Ya kama hannun Muntasir da hannu biyu.

"Yaya, da wace mota ka zo? Ni'ima ta ce taku ta lalace."

"Da ita na zo. Shiga mu tafi, Malam."

Komawar ta fi zuwan tsawo. Nauyi ya ƙaru, kwalin ya fara tsattsafo da ruwa, sai da suka riƙa tsayawa gari-gari suna ƙarawa daga jarka, in ta ƙare su roƙa a rijiya. Ni'ima ta yi barci a kafaɗar Labiba tun kafin Tchaourou. Tidjani yana gaba, da suka wuce Savè ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wanda ya nuna wa samarin nan ni, na san shi. Bara yana ajina, a layin gaba yake zama." Muntasir ya ci gaba da tuƙi.

Suka kwana a Bohicon wurin wani abokin cinikin Muntasir, suka shiga Zongo da hantsin Laraba. Babu abin da ya sami unguwar. An riga an san ɗan kudu ne ya ci, shaguna a buɗe, masu ƙosai suna ta tankaɗe wake don yamma. Hajiya tana ƙofar gida. Ta shafa fuskar Ni'ima, ta dubi ƙafafunta, ta fara faɗan me ya sa aka bar ta zaune a mota har suka yi haka, a kawo ruwan ɗumi.

Tidjani ya zauna da su har raunin ya warke. Hajiya ta so ya nemi a sauya masa gari, ya ce ya nema, amma 'yan ajin ƙarshe suna da jarrabawa a gaba kuma babu wani malamin lissafi a kolejin. Bayan sallah ya hau jirgin ƙasa ya koma shi kaɗai. Ni'ima ta haifi namiji a Zongo da farkon damina, kuma da ta yi arba'in ta ɗaure kayanta ta bi mijinta, duk da Hajiya ba ta so ba.